Wa Zai Gaya wa Inna? Makoki da Gigin Tsufa a Tarihin Ƙasar Arewa

Akwai wani gida a Dogon Dutsi da na san mutanensa. Shekarun baya maigidan ya rasu, ya bar uwargida wadda suka yi zaman aure fiye da shekara 50, ita kuwa tun kafin rasuwar gigin tsufa ya riga ya kama ta. Aka yi jana'iza da hantsi, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Da magariba ta yi, sai tsohuwar ta kira jikarta ta ce a zuba wa Malam tuwonsa a rufe da faifai, yanzu zai shigo daga masallaci. Yarinya ta tsaya ta rasa abin cewa. Babban ɗan gidan ya shigo ya durƙusa ya ce, "Inna, ai Baba Allah ya yi masa rasuwa tun da safe, ke ma an gaya miki." Ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka irin na wanda labari ya iske yanzun nan. Washegari da magariba ta sake cewa a zuba wa Malam tuwo. Aka sake gaya mata, ta sake kukan. A rana ta huɗu ƙanwarsa ta tare shi a zaure ta ce, "Yaya, don Allah sau nawa za mu kashe mata shi?" Shi kuma ya ce, "To ƙarya kike so in yi wa mahaifiyata? Ga takaba a kanta."

Kowannensu yana da hujja, abin da ya sa maganar ta yi wuya ke nan. A ƙasashen Turai da Amurka wannan tambaya ce ta ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi, har kwasa-kwasai ake yi musu a kanta. Mu a nan tsoho a gidansa yake tsufa, don haka tambayar takan faɗo a kan suruka, ko a kan jika 'yar shekara 12 wadda gobe da safe za ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta ba ta yi barci ba. Shi ya sa na ga maganar ta shafi iyaye da malaman makaranta, kuma na ga ya kamata mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka iso nan.

Abu na farko da tarihin ƙasar nan ke nuna mana shi ne Arawa ba su saba ɓoye mutuwa ba. A Lugu, garin Sarauniya, inda Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka a gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, ita kanta sarautar ta hanyar gawa ake gadon ta. Idan Sarauniya ta rasu sai a ɗora gawarta a kan makara, a ɗauka a gaban jama'a, wadda gawar ta nufa a cikin matan da suka cancanta ita ce magajiya. Tarkama ake kiran wannan. Ko mutum ya yarda da abin ko bai yarda ba, yana nuna cewa a wurin mutanen da mutuwa sha'ani ce ta gari duka, ana yin ta a fili, kowa da matsayinsa a ciki. Da Musulunci ya game ƙasar, ya zo da nasa tsari wanda shi ma a fili yake: wanka, sutura, salla, rakiya zuwa maƙabarta, zaman ta'aziyya, sannan matar mamaci ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10. Al'ada ta ƙara da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in.

Ku lura da abin da wannan tsari ke yi wa mai mantuwa, ko da ba don shi aka tsara ba. Tsohuwar da ba ta iya riƙe magana ta minti goma tana ganin tabarmi a ƙofar gida, tana jin mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa ya haƙuri, tana jin ƙamshin gumba da masar sadaka, tana ganin ɗakin maigida a rufe. Labarin yana shigar ta ta ido da kunne da hanci, a hankali, cikin mutane, ba wanda ya zaunar da ita ya sanar da ita. Kuma ana maimaita shi a rana ta uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Masu ilimin ƙwaƙwalwa na yau sun san cewa abin da aka maimaita cikin yanayi iri ɗaya yakan bar gurbi ko a wurin wanda tunaninsa ya raunana.

Gidan da kansa ma an gina shi yadda tsoho ba zai zauna shi kaɗai ba. A zamanin gandu uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, maɓallin rumbun kuwa yana hannun tsoho. Tsohuwa tana da ɗakinta, kuma da wuya a bar ta ba a ba ta jika ta riƙe ba, su kwana tare. Ga kuma wasan kaka da jika, wanda ni a ganina yana cikin abubuwa mafi hikima da muka gada. Kaka ta kira jikanta namiji maigidana, ta kira ta mace kishiya, a yi ta tsokanar juna. To ranar da gigi ya sa ta ɗauki jikan a matsayin mijinta da gaske, ba wanda zai firgita, yaron ma ya san yadda ake amsawa, domin tun yana goye yake amsa wannan sunan. Sai dai wasan yana da illarsa: yakan rufe farkon ciwon, a yi shekara biyu ana cewa ai Kaka barkwanci take yi.

Kada kuma mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Masu kaiwa shekarun da ciwon ke yawaita a cikinsu ba su da yawa. Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai a ƙasar bai kai shekara 40 ba, galibi saboda mutuwar ƙananan yara, yanzu kuwa ya haura 60. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da ta 1931 da fara ta jawo, da ta 1973 zuwa 1974, duk yara da tsofaffi suka fi ɗiba. Tsohon da ya ruɗe, wanda ba ya iya cewa yana jin yunwa ko ƙishirwa, ba ya daɗewa a irin waɗannan shekaru. Har yau waɗanda suka kai 65 ba su kai kashi 3 cikin ɗari na 'yan Nijar ba, amma da yake jama'ar tana ninkawa cikin sauri, yawansu a ƙidaya ƙaruwa yake yi kowace shekara.

Sannan akwai maganar yadda ake fassara abin. Malamai sun san shi tun tuni, domin Alƙur'ani ya ambaci matakin tsufa da mutum ke komawa bai san kome ba bayan ya sani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma a fiƙihu wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. 'Yan bori, waɗanda Dogon Dutsi ta daɗe tana cikin manyan cibiyoyinsu, su kuma sukan duba ta fuskar iskoki. Wata masaniya daga Amurka, Adeline Masquelier, ta fara zama a garin nan a 1988 tana nazarin bori, kuma sunan littafinta na 2001 ma daga ƙorafin 'yan bori ta ɗauko shi, cewa salla ta ɓata kome. Fassara ta uku ita ce mai haɗari, wato maita. Tsohuwa ta fita da tsakar dare, a tsince ta a bayan ɗakin maƙwabta, tana kiran sunayen matattu. A yi rasuwar yaro a unguwa, kowa na kuka ita tana dariya, ko ta tambaya yaushe za a ci naman. A tsare ta da tambaya, ke kika kama kurwarsa? Ta ce e, domin mai gigi yakan amsa duk abin da aka matsa masa da shi. A arewacin Ghana irin wannan zargi ya cika sansanoni kamar na Gambaga da tsofaffin mata, kuma a watan Yulin 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta a garin Kafaba, ana ɗaukar bidiyo. Mu ba mu da sansani, amma wa bai taɓa ganin yara sun biyo tsohuwa suna ihu suna jifa ba?

A can Turai kuwa, a daidai shekarun da Faransawa ke mayar da mazaunin mulkin Arewa daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, yana duba wata mata mai suna Auguste Deter da aka kwantar a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a 1901 tana da shekara 51. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule da zare-zare da suka lalata ta, ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci a watan Nuwamban shekarar. Daga nan aka fara gane cewa gigin tsufa ciwo ne a cikin naman ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwon hanta yake a hanta. Wanda ke ɗauke da sunan Alzheimer shi ne ya fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Akwai kuma wanda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini ke kawowa, shi ne wanda hawan jini ke share wa hanya, kuma hawan jini dai ba baƙo ba ne a gidajenmu. Tun kafin Alzheimer ma, a 1881, wani Bafaranshe mai suna Théodule Ribot ya lura cewa sabon tunani ne ke fara gogewa, tsoho ya daɗe. Wannan ita ce amsar abin da ke ɗaure wa mutane kai, yadda Inna za ta manta ta ci tuwo yanzu, amma ta ba ka labarin ranar da Kunce ya kifar da Diori a 1974 har da kalar zanen da ta ɗaura.

Wasu sukan ce ai wannan ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiana suka fara bin tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indianapolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. Sun tarar ciwon ya fi yawa a Amurka, amma yana nan a Ibadan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin Turawan shi ne yadda suka yi ta gardamar nan ta Yaya da ƙanwarsa, shekara da shekaru. Bayan yaƙin duniya na biyu gidajen tsofaffi suka yawaita a wurinsu. A Ingila dokar 1948 ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar da su, a Amurka tsarin biyan kuɗin magani na 1965 ya sa suka bazu. Cikin shekarun 1960, a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, aka fito da wata hanya ta dawo da mai gigi cikin hayyacinsa da ƙarfin tunatarwa. A rataye allo a rubuta yau ranar kaza ce, kana wuri kaza. In ya nemi matarsa a ce masa ta rasu shekara kaza. Hanyar Yaya ke nan. Ta ɗan taimaka wa waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba, amma ma'aikata suka ga waɗanda ya yi wa nisa kullum sabon makoki ake sa su.

Sai wata mata, Naomi Feil, wadda ta tashi a cikin gidan tsofaffi a Cleveland inda mahaifinta ke shugabanci, ta fito da wata hanyar, ta rubuta ta a littafi a 1982. Ta ce idan tsoho ya nemi wanda ya mutu, a bar gardama da shi a kan ranar mutuwar, a saurari abin da ke ƙarƙashin tambayar, kewa ce ko tsoro ko kaɗaici, a amsa wannan. A Ingila Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya ƙara a 1997 da cewa yawancin wahalar mai gigi daga mu take, yadda muke magana a kansa yana zaune kamar ba ya nan, muna yanke masa hukunci, muna mayar da shi yaro. A 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa suka nuna wa masu ciwon Alzheimer finafinai na baƙin ciki da na ban dariya. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, wasu ma sun manta an nuna musu wani abu, amma baƙin cikin ko farin cikin yana nan tare da su. Wannan binciken ya rusa uzurin da muke yawan kawowa, cewa ai ba ta san abin da ake ciki ba. Ta manta labarin, ciwon kuwa yana nan, sai dai ta rasa dalilinsa, kuma ina ganin wannan ya fi muni.

Yayin da su suke koyon wannan, mu gidan da ke yi mana aikin yana warwarewa. Farin 1973 da na 1984, wanda a wurare da dama na Nijar ake kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, sun karya gandu a gidaje da yawa. Cin rani ya tashi daga wata uku ya koma shekaru: Legas, Kwatano, Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya. Maɓallin rumbu ya bar hannun tsoho ya koma hannun mai aiko da kuɗi. Jikar da da za ta kwana da kaka tana makarantar kwana ko tana Yamai. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Dogon Dutsi a farkon shekarun 1990, ta yi wa sadakar uku da bakwai da arba'in wa'azi a matsayin bidi'a da ɓarnar dukiya, gidaje da yawa suka taƙaita a kan kwana uku na ta'aziyya. Ba hurumina ba ne in raba wannan gardama ta malamai, kuma kowa ya san akwai gidajen da sadakar ta jefa cikin bashi. Abin da nake nunawa kawai shi ne tarukan nan suna yi wa masu mantuwa wani aiki a ɓoye, kuma inda aka daina su ba a sa kome a gurbinsu ba.

Wayar salula ta kawo nata. Yanzu mutuwa takan zo a saƙon murya daga Sabha ko Tamanrasset, babu gawa, babu makara, babu kabarin da za a nuna. A nan ne ɓoyewa ta samu ƙofa. A ce kada a gaya wa tsohuwa, hankalinta ba zai ɗauka ba, a yi zaman ta'aziyyar a gidan wani kawu. Ita kuwa tana ganin idanun surukarta sun kumbura, tana ganin ana yin shiru in ta shigo, ta daina cin abinci, a ce gigin ne ya ƙaru. Na ji labarin uwar da duk rayuwarta ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba saboda alkunya, sai bayan da aka ɓoye mata rasuwarsa ta riƙa tsayawa a bakin zaure tana kiran sunan da ƙarfi. Mutanen gidan abin da ya dame su shi ne kunyar da ta zubar.

Ni dai ra'ayina, wanda ya yi daidai da abin da masu kula da irin waɗannan tsofaffi suka fi tsayawa a kai yanzu, shi ne a gaya mata. Hakkinta ne, mijinta ne ko ɗanta. A zaɓi lokacin da ta fi natsuwa, galibi da safe, domin masu gigi sukan fi ruɗewa da yamma. Mutum ɗaya da ta saba da shi ya faɗa, da gajeriyar magana, hannunsa a cikin nata. A bar ta ta zauna cikin mata a karɓi gaisuwa tare da ita gwargwadon ƙarfinta, in ta gaji a kai ta ɗaki. Bayan nan kuma ba dole ba ne a sake sanar da ita duk lokacin da ta tambaya. Tsakanin sanarwa da ƙarya akwai fili mai faɗi, malamai ma sun san tauriyya, maganar da gaskiya ce amma ba ta fasa ƙwai ba. In ta ce ina Malam, ana iya cewa, Inna kewarsa kike yi? Wace miya ya fi so? Sau da yawa sai ta shiga labari, wani lokaci ma ita da kanta za ta tsaya ta ce, Allah sarki, ai ya rasu ko? A ce e, Inna, Allah ya jiƙansa, a yi addu'a tare. In kuwa ta dubi mutum ido cikin ido ta ce ya mutu ne, to kada a yi mata ƙarya. Batun takaba kuma, kwanakin idda suna tafiya ko ta sani ko ba ta sani ba, sauran hukunce-hukuncen a tambayi malamin da ya san halin da take ciki.

Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa: idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce baƙin ciki ne kawai. A hargitsin makoki akan manta a ba tsoho ruwa da maganinsa na hawan jini, zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara kuma sukan birkita tsoho fiye da yadda suke yi wa matashi. Wannan na asibiti ne, kuma yana warkewa.

Ga malaman makaranta kuwa, a kowane aji akwai yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da irin wannan kaka. Darasi ɗaya ya isa a bayyana wa yara cewa ƙwaƙwalwa nama ce kuma tana ciwo, cewa tsohuwar da ke yawo da dare ɓata ta yi, hannunta za a kama a kai ta gida. Malamin tarihi yana da wata riba ta daban. Tun da tsohon tunani ne ke daɗewa, a ba yara aikin gida su tambayi kakanninsu yadda aka ci El-Buhari, ko yadda kasuwar Dogon Dutsi take kafin a shimfiɗa kwalta. Mutumin da ba ya tuna jiya yakan ba da wannan labarin tiryan-tiryan, kuma a wannan rabin sa'ar shi ne masani a gidan.

A gidan da na fara da shi, jikar ce ta samo mafita ba tare da ta san ta samo ba. Da Inna ta ce a zuba wa Malam tuwo, sai yarinyar ta zuba, ta rufe da faifai, ta ajiye a inda aka saba. Bayan isha'i almajiri ya yi sallama, ta ce, "Kaka, a ba shi na Malam, ladan ya kai masa?" Tsohuwa ta yi shiru, can ta ce a ba shi. Haka aka riƙa yi kowane dare, Yaya ma ya daina shigowa da sanarwarsa. Wasu dararen takan ce Allah ya kai haske kabarinsa, wasu kuma takan yi faɗa cewa Malam ya cika daɗewa a masallaci. Ta yi shekara biyu da 'yan watanni a bayansa, kuma almajiran unguwar duk sun san ƙofar.